Ranar da Intanashinal Ya Ci Ƙwallo

Duk wanda bai san Intanashinal ba, to ba a unguwarmu yake aski ba. Allah ya yi 'yan ƙwallo da yawa, amma irin wannan bawan Allah sai an tona. Wasu 'yan wasan, saboda ƙarancin buri, sai su maƙale wa kulob ɗaya har furfura ta fito musu. Shi kuwa mutum ne mai raba alheri. Babu kulob a gasar ƙasar nan da bai sa rigarsa ba, sannan ya ƙetara waje ya zagaya, daga ƙasar da sanyi ke fasa leɓe zuwa wadda rana ke narka takalmi. Ko'ina ya je ba ya daɗewa. Cewa yake ba ya son a saba da shi a raina shi. Su kuma masu kulob ɗin, don tsabar girmamawa, ba su taɓa hana shi tafiya ba.

Ranar sa hannu a sabon wuri tsarinsa ɗaya ne. Zai ɗaga rigar, ya sumbaci tambarin, ya dafe ƙirji ya ce, "Tun ina yaro nake mafarkin kulob ɗin nan." Yaro ɗaya, mafarki kamar wanda ya tashi a shagon katifa.

In ka shiga falonsa, rigunan ne jere a bango: ja, kore, fara, mai ratsi, har zuwa ta ƙarshe, ruwan ɗorawa, ta ƙasar sanyi inda ya fi daɗewa, don saura kaɗan ya cika kakar wasa guda. Dukkansu fes suke, babu wadda ta taɓa gogar ciyawa. Ba ƙazami ba ne shi. Ilimin benci kuwa, a nan ya yi digiri. Zai gaya maka ƙasar da bencinta ke da laushi da wadda ake ɗumama shi da lantarki, yana faɗa yana lumshe ido.

Ɗan wasan gaba ne, lamba tara a bayansa. Wata rana mai aski, da yake bakinsa ba ya shiru, ya tambaye shi ƙwallo nawa ya taɓa ci.

Intanashinal ya yi murmushin tausayi. "Ku nan ba ku san ƙwallon zamani ba. Ƙwararre in ya ci tsohon kulob ɗinsa ba ya murna, hannu biyu yake ɗagawa ya sunkuyar da kai. To ni tarbiyyata ta wuce nan, ba na ma ci. Mutanen da suka ba ni ruwa na sha, in dawo in zura musu? Da wane ido zan kalle su?"

"A waje fa?"

"A waje baƙo nake. Baƙon kirki ba ya kunyata masu gida."

Da yake duk gasar tsofaffin iyayen gidansa ne, ka ga ke nan babu ragar da ta halatta gare shi. Sunan abokan wasansa ma bai taɓa wahalar da kansa wajen riƙewa ba. Kowa "Abokina" ne. "Fuskar da zan rabu da ita kafin damina, me zan yi da ita? Riga nake kallo. Haka ake yi a waje."

Wadda duk wannan ɗaukaka ta gajiyar ita ce matarsa. Tun aurensu tukwanenta a kwali suke kwana. Tana da wani labule mai furanni da ta saya tun kafin ta haifi ɗan fari, bai taɓa ganin taga ba, don kafin a nemo ƙusa an ce a ɗaure kaya. Da kulob ɗin garinmu, masu shuɗiyar riga, suka ɗauke shi, ta hau kujera da kanta ta buga ƙusa.

"Abban yara, na rataya labule," ta ce. "Yara sun shiga makaranta. Ka dai ji na faɗa maka."

"Maman yara, kwantar da hankalinki. Nan gida ne. Tun ina yaro…"

"Na san sauran."

Kaka ta yi nisa, Intanashinal na ta girmama tsofaffin iyayen gida daga kan benci. Sai ga wasa da wani sabon kulob da ya hauro gasar a bana, masu riga ruwan ɗorawa. Koci, wanda haƙurinsa ya kai maƙura, ya ja shi gefe.

"Babban yaya, waɗannan ko ruwa ba su taɓa ba ka ba. Yau ko ka ci, ko ka nemi igiyar ɗaure akwati."

"Koci, yau za ka ga abin da ake biya a waje kafin a gani."

Bayan hutun rabin lokaci babu wanda ya ci wani. Aka ce ya tashi ya ɗumama jiki. Kai, a nan fa babu na biyunsa. Ya miƙe ƙafa, ya karkaɗa kafaɗa, ya yi 'yar sassarfa yana ɗaga wa 'yan kallo hannu, har da waɗanda ba shi suke kallo ba. Matarsa na can sama da yara, ta haɗe hannu a ƙirji, ba ta ko murmushi.

Shigarsa ke da wuya masu ruwan ɗorawa suka sami bugun kusurwa. Koci ya yi ihu kowa ya koma baya. Intanashinal ya iso gaban raga yana gyara gashi. Ya duba, ga riguna ruwan ɗorawa sun cika wurin, irin wadda ya kwashe kusan kaka guda yana kallo daga benci mai ɗumi. Ga kuma wani gola da bai san fuskarsa ba yana ta daka masa tsawa, alamar abokin gaba ne.

Ƙwallo ta taso.

Ni da nake ba ku labarin nan na daɗe ina kallon wasa, amma ban taɓa ganin an sa kai irin na ranar ba. Ya tashi sama ya bar kowa a ƙasa, ya karya wuya, ya aika ta can ƙuryar raga. Golanmu ko motsi bai yi ba.

Masu ruwan ɗorawa suka yo kansa da gudu suna rungume shi. Ya ƙwace, ya nufi 'yan kallo da rawar da ya yi shekaru yana gwadawa gaban madubi. Ya cafko gaban rigarsa zai sumbaci tambari, sai ya ga shuɗi.

Ya tsaya cak. Amma ƙwararre ƙwararre ne. A hankali ya ɗaga hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya ƙi yin murna. Kuma a yi masa adalci, bai saɓa ƙa'ida ba, don kafin ƙwallon ta gama birgima a raga kulob ɗinmu ya riga ya zama tsohon kulob ɗinsa.

A gida ya tarar da akwati a bakin ƙofa, labule kuwa na nan a tagarsa.

"Kayanka ne kawai a ciki," in ji matar. "Ni da labule mun sa hannu a nan. In ka sami wuri ka kira mu a waya."

Wannan bai karya masa gwiwa ba. Washegari ya fesa turare ya nufi ofishin masu ruwan ɗorawa, tunda yanzu yana da hujja: shi ya ci musu wasa. Ya tarar da shugaban kulob ɗin, ya dafe ƙirji.

"Ranka ya daɗe, tun ina yaro nake mafarkin kulob ɗin nan."

Shugaban ya taso ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya yi masa godiya har da addu'a, ya rako shi bakin ƙofa.

"Mu ma muna ƙaunarka, Intanashinal. Don Allah ka ci gaba da buga wa wasu. Ka fi yi mana amfani a can."