Ranar da Aka Kwantar da Gaiwa a Randa

A wani daji da ke tsakanin fadama da dutse, dabbobi sun kafa asibitin masu ciwon ƙirji, suka raɗa masa suna Rumfar Numfashi. Ƙa'idar wurin gajeriya ce: na tudu a ba shi iska, na ruwa a ba shi ruwa. Ta ceci rayuka da yawa kuwa, har aka daina tambayar dalilinta.

Ran nan da hantsi aka kawo Gaiwa daga fadamar da ta ƙafe, tana haki, baki a buɗe. Biri, mai karɓar marasa lafiya, ya yi mata kallo ɗaya ya ce, "Kifi ce." Aka cika randa taf aka tsunduma ta. Ta taso da kai, aka danna ta. Ta sake tasowa, sai aka rufe da faifai aka ɗora dutse.

Bushiya ta fi kowa daɗewa a aikin, ta kuma fi kowa kaifin baki, ga shi ba ta yarda da abin da ba ta duba da kanta ba. Ta ɗaga faifan kaɗan. Gaiwa ta turo baki ta haɗiyi iska, nan take idonta ya washe. Biri ya yi wuf ya mayar da murfi.

"Inna Bushiya, ki rufa mini asiri," in ji shi. "Ba ni na ce ba, ƙa'ida ce. Sai majalisa ta zauna."

Majalisar asibiti ta zauna a gindin tsamiya, Hajiya Dorina na shugabanta. Malam Dila, wanda bai ko leƙa randar ba, ya gyara murya.

"Jama'a, in muka ba kifi iska yau, gobe za a kawo mana akuya a ce mu jiƙa ta. Tasowar da take yi, zafin ciwo ne ya gusar mata da hankali. Marar lafiya ba ya zaɓa wa kansa magani."

Aka yi ta gyaɗa kai, har da waɗanda ke gyangyaɗi.

Bushiya ta miƙe, duk da miƙewarta da zamanta ba su da wani bambanci. "Ranki ya daɗe, ban zo rushe ƙa'ida ba, da ni aka kafa ta. Amma don mai ciwo ya yi numfashi muka kafa ta, ba don ta hutar da mu dubawa ba. Na ga baiwar Allah nan ta sha iska ta farfaɗo, na ga an danne ta ta galabaita. Ke kanki a ruwa kike wuni. Me ya sa kike fito da hanci?"

Dorina ta hura hancin nan nata, ta ce tambayar ba ta cikin abin da aka taru a kai. Aka kafa kwamiti ya gano ko Gaiwa kifi ce.

Duk wannan surutu, kunnen Bushiya na kan randa. Bugun da faifai ke yi ya ragu, ya koma sai jifa-jifa, sannan ya tsaya. Tsoro ya kama ta, haushi kuma ya fi tsoron yawa. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta kutsa gindin randar ta shiga tonon yashi, Biri na ihu, ita ko a jikinta. Ta yi ta tono har randar ta karkace ta faɗi.

Ruwa ya malale, Gaiwa ta zube cikin taɓo, ko motsi babu. Bushiya ta share mata laka daga baki, ta tallafe kanta sama, tana cewa, "Ja, 'yar uwa, ja mana!" Can sai bakin ya buɗe, iska ta shiga.

Bayan Gaiwa ta warke, kwamiti ya kammala bincike. Ya tabbatar cewa kifi ce, ƙa'ida ba ta yi kuskure ba, marar lafiya ce ta yi numfashi ba bisa tsari ba. Aka umarce ta ta ba majalisa haƙuri.

Gaiwa ta ɗago kai, ta ja numfashi mai tsawo, sannan ta ba su haƙurin.