Duwatsun da Na Sauke Daga Kan Rufi

Ba zan taɓa mantawa da damanar da na gama ginin gidana a Tamaske ba, ko da na so mantawa ma ƴan unguwarmu ba za su bar ni ba. Shekara tara na yi a Abijan ina gadin gidan wani attajiri a bakin teku, na dawo da ɗan abin hannuna da kai a kumbure. A can na ga iskar teku ta kwashe rufin garejin maigidana, bai ko ɗaga murya ba. Waya kawai ya buga, ƴan asirans, wato inshora, suka zo suka gyara, don duk shekara yana biyansu saboda irin wannan rana. Tun lokacin na ƙudura ni ma haka zan zauna a gidana.

Ɗaki uku na gina, na rufa da tol, wato kwanon rufi, mai ƙyalli. A wajenmu in ka rufa tol sai a yi gayya, kowa ya ɗauko dutse daga tudu a jera a kan rufin saboda iskar farkon damana. Kawu Illo, yayan mahaifiyata, shi ya tara mini gayyar ban roƙe shi ba. Na yi godiya a baki, amma a zuci haushi nake ji. Tol ɗina sabo fil an mayar mini da shi kamar rufin akurkin kaji.

Sai na shiga neman asirans. A Keita wanda na tambaya bai san inda ake yi ba. A Madawa na samu masu ofishin asirans biyu. Na farkon ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Mu mota muka yi da moto. Gidan naka yana da taya?" Na biyun ya ce suna taɓawa jefi-jefi, amma sai sun turo mutum ya ga gidan da idonsa. Ya ba ni rana.

Kafin ranar ta zo babu majalisar da ban baza labarin ba (har da inda ba a tambaye ni ba). Na ce wa Kawu zamanin dutse ya wuce, yanzu takarda ke riƙe gida.

"To, ɗana," in ji shi, "takarda ta hi dutsi nauyi ke nan?"

Na yi masa dariyar wanda ya ga teku.

Ana gobe baƙon zai zo na tsaya na kalli rufin, na ce in mutumin birni ya ga wannan tarkacen ai zai ɗauke ni baƙauye. Na sa tsani na sauke duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ni kaɗai, na jibge su bayan zanar awaki. Matata Hajo tana tankaɗe tana kallona.

"Maigida, kwana ukku ke nan hadari na haɗuwa gabas hwa."

Na ce ta ji da tuwonta.

Mutumin ya iso kan moto, wato babur, bayan azahar. Na riga na gayyato Kawu da maƙwabta su ga yadda ake abin zamani, an shimfiɗa tabarmi, shayi yana kan wuta. Ya zaga gidan, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rufin. Ni kuwa ina ta murmushi, na ɗauka ƙyallin ne ya burge shi.

"Malam, ina duwatsu?"

"Mushe, ai mun wuce nan," na ce, ina girmama shi da Faransanci. "Ginin Abijan ne."

"Ni ɗan Buza na," in ji shi, yana mayar da alƙalaminsa aljihu. "Ƙasag ga ba ni sa hannu ga tol ɗin da babu dutsi bisa. Iska ɗaya za ta ɗauke shi."

Ban gama haɗa amsa ba gabas ta yi baƙi. Iskar ta fara da tabarmi, sannan muka ji ƙusoshi suna kuka. Tol ɗin ɗakin tsakiya ya ɗaga, ya tsallake katanga, ya sauka cikin garkar Kawu a kan kuɓewarsa. Ita ma zanar awakin ta kwanta, ga tulin duwatsuna a fili kowa yana gani. Kunya ta kama ni har na ji da ma iskar ta haɗa da ni.

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi mini ciwo. Kawu ya kurɓe sauran shayinsa ya ce, "Ɗana, kawo takardar mu aza bisa kahin ruwa shi sauko."

Mutanen da na tara su ga zamani su suka ɗauko tol ɗin cikin yayyafi, suka buga, suka mayar da duwatsun. Har ɗan Buzan ya naɗe hannun riga ya miƙa guda biyu. Duk wanda ya miƙo dutse sai ya ce, "Ga asirans, Malam." Sunan ya bi ni har yau.

Takardar dai ban koma nema ba. Abin da na koya shi ne, in ka dawo daga bakin teku ka tarar da dutse a kan rufinka, ka tambayi wanda ya aza shi kafin ka sa tsani. Yanzu duk gayyar da aka kira ni ne kan gaba, kuma dutsen da ya fi kowanne girma nake ɗauka.