Inuwar Motar Dokta Stroud

Idan ana lissafin manyan mutanen da Allah ya albarkaci Kwalejin Gundumar Cottonwood Bend da su, dole a fara da Dokta Wendell Stroud. In an manta, shi zai tuna wa mutane. Mutum ne mai tawali'u ƙwarai, ya sha faɗin haka da bakinsa a bainar jama'a. Digirinsa na dokta ta intanet ya yi shi, kuma tun ranar da takardar ta iso ta gidan waya babu wanda ya isa ya ce masa Wendell a garin nan. Matarsa kaɗai aka yi wa rangwame, ita ma sai a cikin gida.

Kowa da abin da yake tarawa a nan jihohin kudancin ƙasar Amurka. Wasu bindigogin farauta, wasu tsoffin motoci. Dokta muƙamai yake tarawa. A ƙasan kowace wasiƙarsa akwai layi bakwai na muƙamai, ko da wasiƙar ba ta wuce "Na gani" ba. Shi ya sa ma'aikata suka sa masa suna Layi Bakwai. Labari ya kai masa, ya ɗauka yabo ne.

Layi na huɗu shi ne Babban Daraktan Ofishin Daidaito da Tafiya da Kowa.

Ofishin ya girmi sunansa. Wani ɗan ɗaki ne a ƙarshen barandar ƙasa, inda Madam Odessa Tillery ta shekara goma sha tara tana zaune. 'Ya'yan masu aiki a masana'antar yanka kaji, waɗanda babu wanda ya taɓa shiga kwaleji a gidansu, wurinta suke zuwa ta cika musu takardu. Haka tsoffin sojojin da ajin cunkoso ke firgitawa, da kurman da ke neman mai yi masa tafinta da hannu, da mai jegon da ke neman inda za ta shayar da ɗanta. Baƙi da fari da ɗan Meksiko, duk Mama Odessa suke ce mata. Ranar Juma'a takan zo da kek na dankali mai zaƙi, wanda ya makara ya tarar da faranti.

Sai aka shiga wata shekara da irin wannan aiki ya zama abin yayi, 'yan jarida suka fara leƙo kwalejoji. Nan Dokta ya gano cewa tun yana yaro wariya ke hana shi barci. Ya sa aka raɗa wa ɗakin suna, aka rubuta da ruwan zinariya a ƙofa, ya karɓi shugabanci. Aka buga ƙasidu masu ɗauke da fuskarsa yana murmushi. Kuma muƙamin ya zo da wurin ajiye mota na musamman, taku goma sha biyu daga babbar ƙofa, ƙarƙashin bishiya ɗaya tilo da ke filin. Wanda ya taɓa kama sitiyarin motar da ta yini a ranarmu ta watan Agusta ya san abin da nake nufi.

A shekarun nan 'yar'uwata Odessa yake ce mata. Sau uku tana roƙonsa a rubuta ta mataimakiyar darakta, tunda aikin ita take yi.

Sau uku yana dafa ƙirji yana cewa, "'Yar'uwa, muƙami kaya ne mai nauyi. Ba zan so miki shi ba. Bari ni in ɗauka."

Ya ɗauka kuwa. Ita ta ci gaba da zama a fayil yadda aka ɗauke ta tun farko: sakatariya mai daraja ta biyu, aro daga ofishin rajista.

Bana majalisar jiha ta yi doka. Duk makarantar gwamnati da ke da irin wannan ofishi ta rufe shi kafin ƙarshen Agusta, ko a janye mata tallafi. Ranar Alhamis aka sa hannu. Ranar Litinin Dokta ya tashi a taron ma'aikata, ya gyara laktaye, ya dafa ƙirji don a ga nauyin abin da ke zuciyarsa.

Ya ce, "Abokan aiki, shekara huɗu ina shiru, ina haɗiyar baƙin ciki. Wa ya ce a riƙa raba ɗalibai gida-gida? Ni a wurina ɗalibi ɗalibi ne. Ban taɓa ganin launin mutum ba, ku tambayi kowa. Yau gwamnati ta zo kan ra'ayina, kuma ina yi mata maraba."

Hector Benavides, mai gadin babbar ƙofa, ya karkata wurin na kusa da shi. "Ashe shiru yake yi duk shekarun nan? To wane ne muke ta ɗaura wa lasifika?"

Kafin mako ya fita an naɗa Dokta Babban Jami'in Tabbatar da Bin Doka. Ya goge layi na huɗu daga wasiƙunsa, ya ɗora sabon a sama, lissafi ya tsaya a bakwai. Madam Fontenot, mai riƙe da fayil ɗin ma'aikata, ta aiko masa da fom ɗin ajiye tsohon muƙamin ya sa hannu. Dokta ba ya sa hannu sai ya karanta. A layin ƙarshe ya ga an ce wurin ajiye mota zai koma hannun kwaleji. Ya leƙa taga. Watan Yuni ne, kwalta tana tururi, motarsa tana hutawa a inuwa. Ya tura fom ɗin ƙarƙashin wasu takardu, ya ce sai zafi ya sauka.

Daga nan aka shiga tsarkakewa. Shi da kansa ya tsaya aka kankare rubutun ƙofa da reza. Aka kwashe ƙasidu da kofunan shayi masu tambarin ofishin. Ya daɗe yana nazarin wani hoton bango na hannaye biyar masu launi daban-daban, ya yanke hukunci cewa hoton ya saɓa wa doka, ya sa aka maye gurbinsa da hoton agwagwa a tafki.

Odessa ba ta damu da hoto ba. Mijinta Clement sau uku a mako ake wanke masa ƙoda, kuma inshorar asibitinsa a jikin aikinta take rataye. Saura mata wata goma sha huɗu ta yi ritaya da inshorarta. In aka sallame ta yanzu, babu mai ɗaukar mace 'yar shekara sittin da ɗaya, kuma na'urar asibiti ba ta jiran kowa. Tsoro ya kama ta sosai. Matar da ta saba kwantar wa ɗaruruwan mutane da hankali ta koma ita ce mai neman wanda zai kwantar mata da nata. Abin ya yi mana ciwo, mu da muka san ta.

Ta hau bene ta same shi.

Ta ce, "Yallaɓai, ba ofishin na zo roƙo ba, na san ya tafi. A mayar da ni ko ɗakin karatu ne, ko wurin amsa waya. Ka san halin da Clement ke ciki."

'Yar'uwantaka ta ƙare tare da rubutun ƙofa. Ya ce, "Madam Tillery, doka ba ta da ƙani, ba ta da wa. In na tausaya miki, gobe me zan ce wa tarihi? Ki gaida mini Clayton."

"Clement, Yallaɓai."

"Shi ma."

Gaskiya dokar jiha ba ta ce a kori kowa ba, rufewa kawai ta ce. Wasu kwalejojin sun sauya wa ma'aikatansu tebur, an wuce wurin. Amma Dokta ya ji ƙishin-ƙishin cewa babban birnin jiha na neman mai tsauri da za a ɗora kan duk kwalejoji, kuma layi na takwas ya fara yi masa gizo. Ya zauna ya rubuta wa kwaleji ƙa'ida mai sashe huɗu. Duk wanda fayil ɗinsa ya nuna yana riƙe da muƙami a ofishin nan ranar ƙarshe ta Agusta, aikinsa ya ƙare. Babu sauyin wuri. Kwamfuta ce za ta fitar da suna, a rufe a ambulan, don kada son kai ya shiga. Babu ɗaukaka ƙara. Hukumar kwaleji ta amince, ya aika kwafi babban birni da hotonsa a maƙale.

Mu nan in za a kori mutum, akwai yadda ake yi. Ranar Juma'a ce, da la'asar. A miƙa masa kwali ya zuba kayan teburinsa, mai gadi ya raka shi har mota, sauran ma'aikata su yi kamar suna duba wani abu a kwamfuta. Dokta ya girmama al'ada. Tun Laraba ya zaɓi kwalin da kansa, madaidaici, ya ce sakatariya ba ta da tarkace da yawa.

Ranar Juma'a, wadda ta zo daidai da ranar ƙarshe ta Agusta, da ƙarfe uku ya sauko ɗakin ƙarshen baranda da sabon kwat. Madam Fontenot na biye da ambulan, Benavides na biye da kwali, fuskarsa a murtuke. Odessa ta riga ta tattara hoton Clement da farantin kek ta ajiye a gefe. Ta miƙe tsaye, ta dafa tebur.

Dokta ya yi jawabi na minti goma sha ɗaya kan jarumta. Ya ce shugaba na gari shi ne mai yanke hukunci ko da zuciyarsa na zubar da jini. Sannan ya karɓi ambulan, ya yage, ya ɗaga takardar yadda kowa zai gani, ya karanta da muryar coci.

"Wendell T. Str..."

Ya juya takardar. Bayanta fari fat.

"Kuskure ne. Ina sunanta?"

Madam Fontenot ta ce, "Ita ai ma'aikaciyar rajista ce, Dokta. Aro aka ba ku. Litinin za ta koma teburinta. A fayil mutum ɗaya ne ya taɓa riƙe muƙami a ofishin nan."

"Na ajiye shi tun Yuni!"

"A wasiƙa ka ajiye. Fom ɗina yana teburinka, sau biyu ina tuna maka."

"To zan ɗaukaka ƙara."

"Sashe na huɗu, Dokta. Har ka ja masa layi."

Odessa ta zauna a hankali. Ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta na rawa, ba a san kuka take ko dariya ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Abin da aka ji kawai shi ne, "Na gode, Ubangiji. Clement, mun tsira."

Kwalin bai ɗauki rabin lambobin yabon Dokta ba. Benavides ya taya shi danna su, yana cewa, "A hankali, Yallaɓai, kai ka zaɓe shi." Da suka zo wucewa ta babbar ƙofa, Odessa na tsaye tana jira. Shekara goma sha tara ba ta taɓa barin wanda ya shiga uku ya fita hannu rabbana ba. Ta ciro ƙasida ɗaya da ta tsira a jakarta, mai bayanin inda wanda ya rasa aiki zai nemi taimako, ta ɗora masa a kan kwalin. Fuskarsa ce a bangon, yana murmushi.

Ta ce, "Shafi na uku ne maganar inshora, Wendell. Kada ka bari wata ya wuce."

Ta riƙe masa ƙofa. Rakiyar ba ta yi nisa ba, taku goma sha biyu ce, kuma ya tarar da motar da sanyinta.