Yadda Ake Dasa Fatalwa a Bakin Kanal

Kai da kake son ka zaunar da manya a tabarma, ka ba su labari har tsoro ya kama su da rana tsaka, matso kusa. Matakan nan biyar tabbas ne. Lukmanu mai tumatir na Kadawa ya bi su, kuma har yau ana zancensa.

1. Tara 'yan wasa

Wasan ba wuya. Kai ne mai labari, kowa ya zama mutum ɗaya a cikin labarin, dayis ya yanke wanda zai tsira. Dayis ɗin kuwa zaro shi daga ludon gidanku. Lukmanu ya samu Keziah mai tuyar masa, da Sagiru, wanda ke buɗe ƙofar ruwa idan layin gonarka ya zo. Riƙe aikin Sagirun nan a ranka.

2. Koma baya

Fatalwar zamani ba ta da kwarjini, kowa waya zai ciro ya ɗauke ta. Mayar da su shekarun saba'in, lokacin haƙa kanal, wato magudanar ruwan noman rani. Sagiru ya zama lebura, Keziah direban katafila.

"Ni ko keke ban iya ba," in ji ta.

"A wasa ne, Yaya Keziah," in ji Lukmanu. "Jefa dayis."

Ba sai ka san tarihi ba. Rage murya kawai.

3. Ajiye abin a inda suka sani

Lukmanu ya ƙirƙiri wani lebura da siminti ya binne da ransa a ƙarƙashin ƙofar ruwansu, wai duk wanda ya murɗa ƙarfen buɗe ta, hannu mai sanyi zai riƙe masa ƙafa. Sagiru ya jefa dayis, ɗaya ta fito, wato fatalwar ta kama shi. Ya yi dariya, amma ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin riga.

4. Samo shaida

Baba Dattijo, wanda gonar albasarsa ke sama da ƙofar, da hannunsa aka haƙa kanal ɗin. Yana gefe yana sauraro, Lukmanu na tsoron kada tsoho ya tona shi.

"Ɗana," in ji Baba, "wa ya gaya maka zancen nan? Rantsuwa muka yi ba za mu faɗa ba."

Keziah ta kira sunan Yesu, Sagiru ya kama salati. Lukmanu kuwa daɗi ya kusa kashe shi.

5. Girbi abin da ka dasa

Ranar Laraba layin ruwan Lukmanu ya zo. Tumatirinsa na fure, kwana takwas bai sha ba. Sagiru ya ce ko da bulala ba ya taɓa ƙarfen nan.

"Wallahi ni na ƙirƙire shi!" in ji Lukmanu.

"Baban ma kai ka ƙirƙire shi?"

Lukmanu ya tafi da kansa. Saura taku goma kwaɗo ya faɗa ruwa, sai ga shi a bakin titi ba takalmi ɗaya. Kwana uku ƙofar na rufe, ruwa ya taru a sama wajen gonar Baba, furen tumatir ya zube. Ran na huɗu, baƙin ciki ya fi tsoro, ya koma. Ya tarar da Baba zaune a kan ƙofar, ƙafafu cikin ruwa, yana shan rake, albasarsa koriya shar.

"Baba, don Allah, akwai shi ko babu?"

"Kai ne mai labari, ɗana. Ni albasa nake nomawa."

Sanarwa: Mai wannan rubutu ba shi da hannu a bushewar gonar kowa, ko ɓatan takalmi, ko masar da Keziah ta daina kawowa bakin kanal. Alkawarin tsoro na yi maka, ban yi maka na tumatir ba.