Batir Biyu, Tire Ɗaya

Allah ya yi wa ƙauyenmu baiwa da Jibirin. Wasu garuruwan kan hanyar Hasahisa suna da asibiti, wasu suna da wutar lantarki, mu kuwa muna da Bashmuhandis, wato babban injiniya. Shi ya raɗa wa kansa sunan, bayan ya daɗe yana riƙe wa masu gyaran wuta tsani a Jidda. A bayan idonsa Jan Waya muke ce masa.

Ya dawo da farar mota mai gado a ciki, da firji, da fanka. Ya ce gida ce mai tafiya, kuma atomatik ce, ba irin akwalar da ake turawa ba. Da ita zai kai dattawa garin Rufa'a ranar Juma'a neman auren Ibtisam, malamar makaranta da ya daɗe yana yi wa kwalliya. Mahaifinta ya ce a iso kafin salla, domin bayan salla zai bar gari, kuma shi ba ya maimaita magana.

Firji da fanka suna son batir na biyu, sai Bashmuhandis ya sayo. A cikin kwalin akwai wata 'yar na'ura da ke raba sabon batir da na injin idan mota ta tsaya, don kada kayan ɗaki su shanye wutar tayar da mota. Jibirin ya juya ta, ya taɓe baki, ya tara mu a gindin dalbejiya.

"Ya jama'a, wagga dabarar mutanen da ba su san zumunci ba ce," in ji shi. "Mu da munka tashi muna ci a tire guda, za mu raba 'yan'uwa biyu? Aib ne, wallahi. Batir wa ne, batir ƙane ne."

Ya ƙulla jar waya da jar waya, baƙa da baƙa, ya rataye na'urar a madubi don ado. Mun yaba ƙwarai. Ilimi irin wannan ba a samunsa a ƙasa, sai a gindin tsani.

Ranar Alhamis ya sa aka yi shela cewa duk mai waya ya kawo caji kyauta. Garin da ya manta kamannin wuta ba a yi masa irin wannan gayyata sau biyu. Iya Hasina ta kawo tata da ta jikokinta da fitila. Mata suka cika firji da ruwa da karkade, wato zoɓo. Bashmuhandis na kishingiɗe ƙarƙashin fanka yana kurɓar gahawar jabana, yana bayanin yadda wuta ke tafiya. Da aka tambaye shi tasa wayar, ya ce babba shi ke ci a ƙarshe. Injin kuwa ko sau ɗaya bai tayar ba, don mai ya yi tsada.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da hantsin Juma'a dattawa suka shiga da fararen jallabiyoyi da rawuna, aka yi addu'ar tafiya. Jibirin ya murɗa makulli. Motar ta ce ƙyas, ta yi shiru. Wa da ƙane sun ci a tire guda, sun kuma mutu tare, kamar yadda zumunci ya tanada.

Aka ce a tura. Ya tuna musu, murya ƙasa-ƙasa, cewa atomatik ce. Aka ce ya kira surukinsa ya ba da haƙuri. Wayarsa ce kaɗai matacciya a garin, kuma Bashmuhandis ba ya aron waya, girman kai rawanin tsiya. A nan na ɗan ji tausayinsa, amma bai daɗe ba.

Daga ƙarshe a keken jakin maƙwabcinsa Almu ya ɗora batir zuwa bakin titi neman caji, yana rungume da shi kamar jariri. Wayoyin gari kuwa cike suke taf, kowa ya ɗaga tasa yana ɗaukar hoto. Hoton ya isa Rufa'a kafin liman ya hau mumbari.

Bayan la'asar saƙon Ibtisam ya shigo wayar Iya Hasina. Ta ce mahaifinta ya tafi, kuma a gaida jakin, don shi kaɗai ta ga ya kama hanya.