Ranar da Na Kori Ɗalibata Daga Aji

Har gobe ba zan taɓa mantawa da ziyarar da na kai wata makarantar sakandare a Nassarawo ba. A lokacin ina aiki a sashen tsare-tsaren ilimi a Yola, kuma ni na rubuta takardar da ta bai wa manya damar komawa aji su kammala sakandare (ko mai wankin motata sai da ya sha labarin takardar nan).

Na shiga aji shida da babbar riga, shugabar makaranta tana biye da ni. Can baya na hango wata dattijuwa da zani da ɗankwali, ta takure a bencin yara. Na gyara murya na ce, "Iyaye su jira a waje, don Allah. Nan wurin ɗalibai ne."

Matar ta miƙe, ta kwashi littattafanta ta fita. Sai a lokacin idona ya faɗa kan littattafan.

Shugabar ta matso ta ce a hankali, "Yallabai, Mama Rifkatu ke nan. Ita kaɗai ta dawo aji saboda takardarka. Jibi za a rufe rajistar jarrabawa."

Na ji kamar in naɗe cikin rigar in ɓace.

Washegari Mama Rifkatu ba ta zo makaranta ba. Na bi ta har kasuwar Jimeta inda take sayar da busasshen kifi, na durƙusa tsakanin kwanduna, 'yan kasuwa suna leƙe.

"Wata biyu ina fama kafin yara su daina mini dariya," in ji ta. "Kai ka zo ka dawo da ita cikin minti ɗaya."

Na ba ta haƙuri har sai da gwiwata ta yi tsami. Ta yi rajista ana saura awa biyu a rufe, ta ci jarrabawa, ta wuce kwalejin horar da malamai.

Bara na kai autata firamare a unguwar Ajiya. Na kutsa kai cikin aji, sai na ga ashe Mama Rifkatu ce malamar, ta ce, "Iyaye su jira a waje, Yallabai."

Na fita sumul, kuma ban taɓa jin daɗin kora irin wannan ba. Tun daga ranar nan ta Nassarawo, kafin in buɗe baki a aji, sai na fara duba hannun mutum ko yana riƙe da littafi.