Ranar da Na Rina Gemuna

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na je gaida mahaifin Hajara a Bunkure ba. Har yau in na tuna sai na ji haɓata tana ƙaiƙayi.

Lokacin shekara uku ke nan da rasuwar matata. Ina noman shinkafa a bakin kanal a Kura, kaɗaici kuma ya ishe ni. Hajara bazawara ce, tana sayen shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, a wurina ta turara ta kai inji. Daga ciniki muka koma doguwar gaisuwa, daga nan magana ta yi ƙarfi, har mahaifinta, Malam Sale, ya aiko cewa yana so ya gan ni ido da ido kafin manya su shiga maganar. An gargaɗe ni cewa dattijon ba ya ƙaunar ƙarya ko ta wasa ce, kuma in ya ce a'a, to an gama. Ni kuwa ina son matar nan, ba zan ɓoye muku ba.

Ran Laraba na dubi madubi, na ga furfura ta cinye rabin gemuna. Nan take zuciya ta raya mini cewa tsohon zai ce sa'ansa ne ya zo neman 'yarsa. Sai na nufi wurin ƙanwata Ladidi, mai yi wa amare ƙunshi, na ce ta sam mini baƙin lallen da take zane da shi.

Ta ce, "Yaya, wannan fa ba lallen gargajiya ba ne, da rinin gashi ake haɗa shi. Ko amarya sai na ɗiga mata kaɗan a hannu, mu jira kwana biyu mu gani."

Na ce, "Ke Ladidi, fatar da ta sha rana da taki da ruwan kanal, ɗan kwaɓin nan ne zai gagare ta?"

Na lafta shi har kan kumatu, na kuma bar shi ya daɗe fiye da yadda ta ce (wai don ya kama sosai, ku ji wauta). Gemu kam ya yi baƙi wuluk. Ranar har takuna sai da ya canza.

Ran Alhamis ƙaiƙayi ya fara. Na sosa, na wanke da sabulu mai ƙamshi, da abin ya ƙi sai na shafa man zafi, tunda a gidanmu shi ne maganin komai. Safiyar Juma'a na tashi leɓena ya yi suntum, kumatuna sun kumbura kamar an hura, ga ƙananan ƙuraje suna tsattsafo da ruwa a ƙarƙashin gashin. Mai hankali asibiti zai nufa. Ni sai na ɗauko takunkumi na rufe hanci da baki, na hau babur bayan an sauko daga masallaci. Rana da gumi suka ƙarasa aikin a hanya.

Na tarar da Malam Sale a zaure a kan tabarma, gemunsa fari fat har ƙirji. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Lafiya ka rufe fuska haka?"

Na ce, "Baba, mura ce, kada in shafa muku." (Ƙarya ta farko ke nan, ko zama ban gama yi ba.)

Hira ta yi daɗi. Ya tambaye ni asalina da 'ya'yana da yadda ruwa yake a ɓangarenmu bana, ni kuwa ina amsawa ina danne hannuna da gwiwa don kada ya kai ga haɓata. Har na fara cewa na tsira, sai ladan ya kira la'asar. Malam Sale ya miƙo mini buta da hannunsa, ya tsuguna kusa da ni a ƙofar gida. To ta yaya mutum zai yi alwala da takunkumi?

Na cire. Dattijon ya dube ni, ya ajiye butarsa a hankali. Daidai nan Hajara ta leƙo da kwanon fura, ta dube ni ta saki salati ta ce, "Malam, kai ne? Zuma ce ta harbe ka?"

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Idona ya ciko. Na ce, "Baba, ba mura ba ce. Gemuna na rina don kada ku ce na tsufa."

Na riga na fidda rai. Can sai ya shafa nasa gemun ya ce, "Yanzu ni za ka ɓoye wa furfura? Murar nan ban ji daɗinta ba, amma tunda ka janye ta da bakinka, na yafe. Yi alwala a hankali, kada ka goge wurin. In mun idar ka wuce asibiti, sannan ka turo manyanka."

A asibiti aka ba ni magani, aka ce rinin ne jikina bai karɓa ba, kuma ba ni ba shi har abada. Ruwa mai sanyi, mai marar ƙamshi, ban da susa, ban da sabulu mai turare, ban da yawon rana. Sannan aka ce a rage gemun ƙasa-ƙasa don magani ya isa fata. Na fita neman baƙin gemu, na dawo gida babu ko farin.

Hajara tana ɗakina yanzu, kuma ta ce ita da furfurar ta san ni, da ita ta ce tana so. Abin da na koya biyu ne. Fata ba ruwanta da jarumtakar mai ita, duk abin da za ka shafa mata, ka fara gwada kaɗan ka jira. In kuma ka shirya ƙarya za ka gidan surukai, ka tuna akwai la'asar a gaba.